Albashin Yaya

A cikin danginsu Auta ake ce masa, kuma sunan bai sake shi ba har furfura ta cinye rabin gemunsa. A unguwa kuwa Mai Tabarau ne, domin shekara ashirin da shida ya yi a ɗakin baya na wani shagon tabarau yana yankan gilashi. Likita zai auna ido ya rubuta lamba a takarda, mai saye ya zaɓi firam ɗin da ya yi masa, sa'an nan a miƙa wa Auta ta wata 'yar taga. Shi ne zai ɗiga alama a gilashin daidai inda ƙwayar idon mutum za ta zauna, ya ɗora shi a kan injin da ke cin gefensa a ƙarƙashin ruwa mai tsiyaya, ya riƙa cirewa yana gwadawa har ya shige firam ba tare da an matsa masa ba. Kuskuren da bai kai kaurin farce ba yana iya sa mutum ya yini da ciwon kai bai san dalili ba. Ko aikin ne ya koya masa tsantseni, ko tsantsenin da Allah ya halicce shi da shi ne ya ja shi zuwa ga aikin, ba a iya rarrabewa. Abin da kowa ya shaida shi ne, bai taɓa miƙa tabarau mai aibi ya yi shiru ba. Ko ɗan kwarzane ne wanda mai saye ba zai taɓa lura da shi ba, sai ya nuna masa, ya bar masa zaɓi.

Yana da shekara tara mahaifinsu ya rasu. Wansa, wanda ya girme shi da shekara goma sha huɗu, shi ya ɗauki gidan a kafaɗarsa. Yaya mai kula da sito ne a wani kamfanin yin kwali da ke can ƙarshen gari, albashinsa bai taka kara ya karya ba, amma da shi ya ciyar da mahaifiyarsu har ta koma ga Allah, da shi ya biya wa Auta makaranta, ya kuma biya masa kuɗin koyon sana'a. Saboda Auta ne bai yi aure ba sai da ya ba talatin baya. Matar da ya aura 'yar gidan masu hali ce, kuma 'yan'uwanta maza ba su taɓa ɓoye cewa a ganinsu ta sauko ƙasa ba. Ita dai ta zauna da shi da zuciya ɗaya, ta haifa masa 'ya'ya biyar, abin alfaharinta a gaban danginta guda ne: mijinta bai taɓa kai ƙoƙon bara ƙofar kowa ba.

Wata rana da tsakar rana Yaya ya shigo ɗakin baya na shagon, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a kan kujerar da ake ajiye kwalayen gilashi, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Daga baya ya ce kamfanin ya koma hannun wasu, sun kawo na'ura mai lissafin kaya, sun sallami tsofaffin sito gaba ɗaya. Ɗan abin da aka ba su na sallama ba zai kai ko'ina ba. Ya ce matarsa tana fama da hawan jini, 'yan'uwanta kuma jiran irin wannan rana suke yi.

"Wata ɗaya kawai nake roƙo, Auta," in ji shi. "Kada ta ji sai na sami wani aikin."

Watan nan ɗaya ya zama shekara huɗu. Mutumin da ya haura hamsin da biyar, wanda bai iya komai ba sai ƙirga kwali da rubuta shi a littafi, ba a rububinsa. Shekarar farko Yaya ya bi ofisoshi har takalminsa ya siɗe. Daga baya sai ya koma fita da safe cikin kayansa masu guga, da jakarsa, ya hau mota biyu zuwa wani ɗakin karatu na jama'a da ke nesa da unguwarsu, ya yini a can tsakanin jaridu da masallacin da ke kusa, ya dawo gida gab da magariba kamar yadda ya saba shekara talatin. Shi kuwa Auta, ranar ashirin da bakwai ga kowane wata, ranar da kamfanin yake biya, sai ya aika masa ta waya daidai abin da kamfanin yake ba shi. Wayar Yaya ta yi ƙara a kan tabarma, ya duba, ya ce wa matarsa albashi ya shigo.

A wurin da banki ke tambayar dalilin aika kuɗi, Auta "albashi" yake rubutawa. Watan farko ya daɗe riƙe da wayar yana shawara. Bai iya rubuta taimako ga mutumin da ya rene shi ba, in kuma ya rubuta rance ya san Yaya zai riƙa kwana da nauyinsa. A zuciyarsa ya ɗauka cewa Yaya ya yi masa aikin shekaru masu yawa ba a biya shi ba, yanzu ne lokacin biya ya zo. Kuɗin kan cinye fiye da sulusin abin da yake samu. Domin ya cike gurbin, sai ya fara karɓar gyaran tabarau a gida ranar hutu, ya daina sayen sabon kaya sai na yara. Maiɗakinsa, malamar firamare ce, ta san komai tun ranar farko. Takan yi ƙorafi idan wata ya yi nisa, amma ba ta taɓa bari maganar ta wuce ƙofar ɗakinsu ba.

Matar Yaya kuwa tun yana saurayi take tsokanarsa, kuma ba ta daina ba. Duk ranar da ya je gaishe su sai ta leƙa hannunsa, ta ce ga Auta marowaci ya zo hannu rabbana, mutum yana yi wa duk gari ido amma ya kasa ganin tukunyar matar wansa. Shi kuma ya ce ai tukunyar ce ba ta da haske, sai an sa mata gilashi mai kauri. A yi dariya, har Yaya ma yakan murmusa, ko da yake murmushin ba ya daɗewa.

Gidan da Auta ke haya bene ne mai hawa uku, sassa goma sha biyu a sama, shaguna biyar a ƙasa suna kallon titi. Shekara goma sha ɗaya ya yi a hawa na biyu, ɗaki biyu da falo, tagar kicin tana kallon tankin ruwa. Mai gidan tsohon ɗan kasuwar kayan gini ne. A gabansa Alhaji ake ce masa, a bayan idonsa kuwa Mai Makullai, saboda tarin makullan da ke rataye a ƙugunsa, waɗanda ake jin ƙararsu tun yana matattakalar farko. Ba a san shi da mugunta ta fili ba. Yana gyara famfo idan ya lalace, yana zuwa gaisuwar mutuwa. Abin da ke gare shi shi ne, bai yarda akwai wani abu a cikin gidansa da bai kamata ya sani ba.

A shekarar da Yaya ya cika huɗu da barin aiki, wani ɗan haya na hawa na uku ya kwashe kayansa ya gudu bai biya ba. Mai Makullai ya fusata, ya liƙa sanarwa a bakin matattakala: daga yanzu duk wanda zai sabunta haya sai ya kawo kwafin katin shaidarsa, da wasiƙar wurin aikinsa, da takardar banki mai nuna shige da ficen kuɗinsa na wata shida. Ya ce takardun a kabad ɗin ƙarfe za su zauna, a ofishinsa da ke ƙarƙashin matattakala, ba mai ganinsu sai shi.

Auta ya je banki ya karɓo tasa, shafi goma sha ɗaya. Maiɗakinsa ta karɓa tana dubawa a tsaye a ƙofar kicin, sai ta ga layin nan sau shida, da cikakken sunan Yaya, da kalmar da ke gefensa. Ta ɗauko baƙin alƙalamin da take rubuta sunayen ɗalibai da shi a bangon littafi, ta miƙa masa.

"Malam, ka shafe waɗannan kafin ka kai masa. Abin da yake nema shi ne ya ga albashinka yana shigowa. Ina ruwansa da inda yake fita?"

Auta ya ce ba zai iya ba. Mutum ya nemi takarda cikakkiya, shi kuma ya amsa masa da to. Idan ya rufe wani wuri ya miƙa, ya ba shi abin da ba shi ya yi alkawari ba. Ya ce kuma Alhaji ya faɗa da bakinsa cewa amana ce. Ta ce malamin lissafin da ke sama da su takardar wata uku kawai ya kai, ya ce sauran banki ba su ba shi ba, kuma an karɓa. Auta ya ce wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Ta dube shi ta ce, "Kai dai da za ka sayar da kaza, sai ka gaya wa mai saye ranar da ta yi tari." Ta mayar da alƙalamin cikin jakarta. Shi kuma ya jera shafukan bisa lambarsu, ya sa su a ambulan, ya sauka.

Bayan kwana uku Mai Makullai ya tare shi yana dawowa daga aiki, ya ce ya shigo ofis. Ɗakin ƙarami ne, rufinsa a karkace saboda matattakala, ba taga, sai fanka da tebur da kabad ɗin. Takardun Auta na kan tebur, an ɗora musu rula, kuma an bi wasu layuka da jan biro. Mai Makullai ya fara da raha. Ya ce ashe kantin magani na cin kuɗin Malam haka, ya tambaya wa ke ciwo. Ya ce ya ga ana shigo masa da ƙananan kuɗi ranar hutu, wato akwai sana'a a cikin gidansa da ba a gaya masa ba. Sa'an nan ya ja rular zuwa layin ashirin da bakwai ga wata.

"Wannan fa? Ashe kai ma kamfani ne, har da ma'aikaci? Sunan nan kuma kamar na wanka, mai zuwa da farar hula."

Da Auta ya ce wannan al'amarin gida ne ya tsuke bakinsa, da wataƙila abin ya tsaya a zato. Amma an yi masa tambaya, kuma bai saba a tambaye shi ya kauce ba. Ya kuma ga cewa idan ya yi shiru mutumin zai bi diddigi, ya tambayi wannan ya tambayi wancan, abin ya fi haka muni. Sai ya zaɓi ya gaya masa gaskiya dukanta, ya ɗaure shi da ita. Ya ba shi labarin kamfanin kwali, da hawan jinin matar Yaya, da ɗakin karatu. Ya ce ko 'ya'yan Yaya ba su sani ba. Ya roƙe shi don girman Allah ya riƙe wannan a matsayin amana, domin rufin asirin dattijo ne a cikin iyalinsa.

Mai Makullai ya girgiza kai, ya yi ta sa masa albarka. Ya ce irin su Malam sun yi ƙaranci a wannan zamani, ya ce maganar ta mutu a ɗakin nan. Sa'an nan ya jawo takardar sabunta haya ya rubuta sabon farashi, wanda ya ɗara na maƙwabtan Auta masu ɗakuna irin nasa. Da Auta ya yi magana, sai ya ce cikin fara'a, wanda ke riƙe da gida biyu ba ƙaramin mutum ba ne, kada ya raina ni'imar da Allah ya yi masa. Auta ya sa hannu. Yana hawa matattakala ya fahimci cewa ba zai ƙara iya yi wa mutumin nan musu a kan komai ba.

Haka kuwa aka yi. Mai Makullai ya kawo tabaransa a canza gilashi, ya kawo na matarsa, ya kawo na surukinsa, ba a taɓa maganar kuɗi ba, Auta ne ke biyan shago daga aljihunsa. Idan suka haɗu a bakin ƙofa cikin mutane sai ya ɗaga murya ya ce, "Malam, ya ma'aikacinka? Yana ƙoƙari dai ko?" Ya yi dariya, mutane su yi dariya ba su san abin da ake nufi ba. Ba Auta kaɗai ba ne. Tun da takardun suka shiga kabad, Mai Makullai ya san ranar albashin kowa, ya san wanda aka ƙara wa girma, ya san wadda ke aika wa asibitin haihuwa kuɗi duk wata ba ta da ɗa, har ya taɓa yi mata addu'a a kan haka a gaban masu shago. Shi a wurinsa wannan kulawa ce. Malamai sun yi dogon bayani a kan bin diddigin al'aurar mutane da kuma yaɗa abin da aka ba mutum ajiya, amma mafi yawan masu aikata shi ba su taɓa kiransa da sunansa ba.

Ana cikin haka ɗaya daga cikin shagunan ƙasa ya zama fanko. Matar Yaya tana ɗinkin zanen gado da labule a gida, ta daɗe tana tara ɗan abin da take samu, kuma ta ga shagon ranar da ta kawo wa maiɗakin Auta ziyara. Ta ce wannan ya yi mata, bakin titi ne, ga 'yan'uwa a sama. Auta ya yi ƙoƙarin hana ta. Ya ce shagon yana da danshi a damina, wanda gaskiya ne. Ya ce hayarsa da tsada, wanda shi ma gaskiya ne. Ta ce ita ta gane, ba ya so ta zauna kusa ta riƙa ƙirga ledojin da yake shigowa da su. Bai iya gaya mata dalilin ba. Ya yi niyyar ya riga ta zuwa wurin Mai Makullai, amma ya rasa abin da zai roƙe shi, domin cewa a gaya mata an riga an kama shagon roƙon ƙarya ne. Ya kwana biyu yana juya abin, ya yanke cewa zai yi magana da Yaya ranar hutu, shi ya hana ta. Ita kuwa ba ta jira ranar hutu ba.

Auta yana shago, yana tsakiyar yankan wani gilashi, wayarsa ta yi ƙara. Maiɗakinsa ce. Ta dawo daga makaranta da wuri, tana kan matattakala ta ji muryar matar Yaya a ofis, ƙofa a buɗe, da mai gyaran famfo da wani ɗan haya a zaune a ciki. Ta ji Mai Makullai ya tambaye ta wa zai tsaya mata. Matar Yaya ta ce mijinta, ma'aikacin kamfanin kwali ne shekara talatin da huɗu, albashinsa bai taɓa yankewa ba. Mai Makullai ya tambaye ta wane kamfani, ta maimaita. Sai aka ji ƙarar makullai, aka ji kabad ya buɗe. Ya shimfiɗa mata takardun Auta a kan tebur, ya bi jan layin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Hajiya, ga kamfanin nan a hawa na biyu. Ki ce shi ya zo ya sa hannu, sai in ba ki makulli." Da ta ce ba ta gane ba, sai ya yi mata bayani dalla-dalla, har da ɗakin karatu. Maiɗakin Auta ta ce matar ta fito ta wuce ta gefenta ba ta gan ta ba, ta tafi ta bar jakar samfurin labulenta a ofis.

Auta ya kashe injin ya bar gilashin a kai, abin da bai taɓa yi ba. Ya nufi gida, ya iske Mai Makullai shi kaɗai a ofis yana cin abinci a kan teburin, takardun an ture su gefe.

"Alhaji, amana na ba ka."

"To ai ban kai wa bare ba, Malam. Matarsa ce fa. Kuma dukiyata nake karewa. So kake in ba da shago a kan albashin da babu shi? Ni ba na cin amana, amma ba a yi mini rufa-rufa a cikin gidana."

Ya faɗi haka ba da fushi ba, har yana miƙa masa cokali. Auta ya ce a ba shi takardunsa. Mai Makullai ya ce takardun na fayil ne, fayil kuma na gida ne. Ya ce ko ya ba shi ma ba abin da zai canza, tunda ya ɗauki hotonsu duka a waya saboda gudun gobara. Auta ya juya. Ya ɗauki jakar labulen ya fita.

Ya isa gidan Yaya bayan la'asar. Yaya bai dawo ba, domin a lissafinsa lokacin tashi daga aiki bai yi ba. Matar Yaya na zaune a falo, 'ya'yanta manya uku a gefenta, an ga alamar ta riga ta gaya musu. Ba ta leƙa hannunsa ba. Ta tashi ta kawo masa ruwa da kanta, ta durƙusa ta ajiye, ta gaishe shi da irin gaisuwar da take yi wa manyan baƙi. Ya ce mata don Allah ta daina. Ta ce shekara huɗu tana cin abincinsa tana ce masa marowaci, ya yafe mata. Bayan wannan aka zauna ana jiran dawowar Yaya.

Gab da magariba Yaya ya yi sallama ya shigo da jakarsa. Yana cire takalmi yana cewa yau hanya ta cushe, ga shi an sauke musu mota uku ta kaya, bayansa kamar zai karye. Sai ya ɗago ya ga Auta, ya ga fuskokin 'ya'yansa.

Matarsa ta ce, a hankali, "Zauna ka huta haka nan. Shekara huɗu kana yawo a gari."

Yaya ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Bai dubi kowa ba sai ƙaninsa. Ya ajiye jakar a bakin ƙofa, ya mayar da ɗaya takalmin, ya fita, Auta ya bi shi. Suka tsaya a jikin katanga, inda kwatar gidan ke fita. Auta ya ba shi labarin takardun tun daga farko, bai rage komai ba, har da alƙalamin da aka miƙa masa ya ƙi karɓa. Yaya ya saurara har ƙarshe, bai zarge shi ba.

"Wa kuma ya gani?"

Auta ya ce mai gyaran famfo, da wani ɗan haya. Ya ce akwai hoton a wayar mutumin, bai san inda ya kai ba, kuma ba shi da hanyar sani.

Yaya ya gyaɗa kai. Ya ce, "Daga wannan wata ita za ka riƙa aika wa. Ita ke cefane." Aka kira salla, suka tafi masallaci tare, suka tsaya a sahu ɗaya, da aka idar kowa ya kama hanyarsa.

Kafin mako ya zagayo labarin ya isa ga 'yan'uwan matar. Suka zo da mota, da buhuna, da nasiha mai yawa, suka zauna a falon Yaya suna tsara yadda za a yi da karatun yara, shi yana zaune a gefe yana amsa musu da to. Hawan jinin da ake jin tsoronsa ya kwantar da ita kwana tara, ta tashi. Ba ta yi yaji ba, ba ta ɗaga masa murya ba, ta ci gaba da wanke masa kaya. Sai dai ta daina tambayarsa komai. Yaya ya daina fita in ba masallaci ba. Ya sa kujera a ƙofar gida, a nan yake yini, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Auta ya nemi wani gidan haya. Ya bi dillalai huɗu, kowannensu ya miƙo masa jerin takardun da za a kawo, kuma takardar banki ce a sama. Wani maƙwabcinsa mai aiki a ofishin lauya ya ce masa abin da mai gidan ya yi bai halatta ba, ana iya kai ƙara. Auta ya tambayi yadda ake yi. Da ya ji cewa sai an rubuta labarin duka, da sunan Yaya, a karanta a gaban wasu baƙin, sai ya ce a bar shi. Kuɗin tashi ma ba shi da su, tunda ranar ashirin da bakwai ba ta fasa zuwa ba. Ya ci gaba da zama a hawa na biyu, yana wuce ƙofar ofishin sau biyu a rana, Mai Makullai yana gaishe shi da fara'a kamar da.

Wata ranar hutu ya je gaida Yaya, ya same shi a kujerarsa, ya zauna a kan dakali kusa da shi. Suna cikin maganar zafin gari sai babbar 'yar Yaya ta fito da takardu biyu a hannu. Ta gama makaranta, an ba ta gurbin karatun jinya a wani gari, an kuma yi mata tayin aiki a wani kanti kusa da gida, kuma gobe ne ranar ƙarshe ta ba da amsa. Ta wuce kujerar mahaifinta ta durƙusa a gaban Auta, ta miƙa masa takardun, ta ce Mama ta ce ta zo ta ji abin da Baffa zai yanke.

Auta bai karɓa ba. Ya ce mata ga mahaifinta nan a zaune, shi ne mai wannan magana, shi za ta tambaya. Yarinyar ta ji kunya, ta juya a durƙushe ta fuskanci mahaifinta, ta miƙa masa takardun da hannu biyu.

Yaya bai miƙa hannu ba. Idonsa na kan titi ya ce, "Duk abin da Baffanki ya ce."

Ta daɗe a durƙushe tsakaninsu, takardun na hannunta. Daga ƙarshe Auta ya karɓa, ya karanta su biyun har ƙasa, ya ce ta je karatun jinya.